OpenGL, Vulkan ko DirectX: wanne ɗalibi zai kama a halin da ake ciki?

Ɗalibin Samaru:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, abin ya tsaya min a rai kwana biyun nan. Ina aji huɗu, furojet ɗina kuma so nake in gina tsohon birnin Zazzau a kwamfuta yadda mutum zai riƙa yawo a cikinsa tun daga Ƙofar Doka har Ƙofar Gayan yana ganin ganuwa da gidajen ƙasa kamar yana wurin. Wata uku kenan ina koyon OpenGL, na fara gane kansa har ina iya ɗora hoton bango a jikin akwati in juya shi in haska masa fitila, sai jiya wani yake ce min ɓata lokaci nake, wai tun 2017 ba a sake fitar da sabo ba kuma Apple ma sun juya masa baya. Na ce to bari in koma Vulkan, na ƙona data na sauke kayan aikinsa, laftof ɗina ya ce bai san zancen ba. Ƙwaƙwalwarsa (furosesa) Intel i5 ce ta zubi na huɗu, na hannu na saya, ba shi da katin hoto daban. Yanzu ban san ko in ci gaba ko in fasa ba, kuma saura wata biyar in miƙa.

Mai gidan gem T/Wada:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa dan Allah wani ya fayyace mana menene su waɗannan abubuwan, ni dai ina ganin DirectX yana fitowa in ana instal ɗin gem amma ban taɓa tambayar aikinsa ba.

Injiniya na Hanwa:
Tafinta ne tsakanin manhaja da katin hoto. Mai rubuta gem ba zai zauna ya koyi yaren katin Nvidia daban na AMD daban na Intel daban ba, sai ya yi magana da yare ɗaya, ya ce zana min wannan alwatikar a nan ka shafa mata wannan launin, direban katin kuma ya juya maganar zuwa abin da ƙarfen yake ganewa. OpenGL da Vulkan na ƙungiyar Khronos ne kowa na iya amfani da su, DirectX na Microsoft ne Windows da Xbox kawai, Metal na Apple ne shi ma a gidansu kawai. Ƙanena na Samaru, maganar da aka faɗa maka akwai gaskiya a ciki, 4.6 na 2017 shi ne na ƙarshe. Ni in ka tambaye ni Vulkan ne gaba. Asalinsa Mantle ne na AMD da suka fitar a 2013 suka miƙa wa Khronos, aka gyara shi ya fito a Fabrairun 2016. Dalilin yin sa kuwa OpenGL an tsara shi ne tun lokacin da kwamfuta ke da ƙwaƙwalwa ɗaya, direba ne ke yi maka kusan komai yana hasashen abin da kake nufi, shi ya sa abu ɗaya zai yi gudu a wannan katin ya yi rarrafe a wancan. Vulkan kai ke riƙe da linzami, kai za ka raba aiki wa ƙwaƙwalen na'urar duka.

Baba na Ƙofar Doka:
Salamu alaikum. Injiniya ka yi bayani mai kyau Allah ya ƙara sani, amma bari in ja ku baya kaɗan don yaron nan ya san ba yau aka fara yi wa OpenGL jana'iza ba. Ni na buɗe shagon buga takardu a Sabon Gari tun Windows 98 na sabo, kuma na ga wannan rigimar da idona. Lokacin akwai wani kamfani 3dfx mai katin Voodoo, suna da nasu yaren Glide, in ba katinsu gare ka ba gem ba zai yi maka kyau ba. Kowa ya ɗauka su ne za su gaji duniya. Ƙarshen shekarar 2000 Nvidia ta saye kayansu, Glide ya bi ruwa, duk wanda ya zuba ƙuruciyarsa a kansa sai da ya koma aji ɗaya. Shi kuwa OpenGL kamfanin Silicon Graphics ne ya fitar da shi tun 1992, Microsoft ta shigo da Direct3D, ɓangaren zanen 3D na DirectX, a 1996, mutane irin su John Carmack, shahararren mai rubuta gem, suka fito fili suka ce OpenGL ya fi shi daɗin aiki nesa ba kusa ba. A 1997 kamfanonin biyu suka ce za su haɗa kai su yi abu ɗaya mai suna Fahrenheit, abin bai je ko'ina ba, a 2003 Microsoft ta fice daga kwamitin OpenGL gaba ɗaya. Sai kuma suka fitar da DirectX 10 suka ce sai a Vista kawai, mu masu XP aka bar mu a baya alhali katin da ke cikin wasu injinan zai iya. Abin da nake so ku lura shi ne ba a taɓa yin faɗan nan a kan wanne ya fi kyau ba. Duk mai babbar manhaja igiya yake nema da zai ɗaure masu rubuta gem a turkensa, in gem na wurinsa to matasa na wurinsa, in matasa na wurinsa kasuwar gobe tasa ce.

Injiniya na Hanwa:
Baba ban musa maka ba ko kaɗan, amma ai wannan hujja ce a gare ni. Tunda kowa na jan igiya gara yaro ya kama wanda ba na mutum ɗaya ba kuma ake ci gaba da raya shi.

Mai gyara a PZ:
Injiniya ranka ya daɗe da wace na'urar zai kama shi? Ni kullum su nake buɗewa. Laftof ɗin da ɗalibai ke iya saya a garin nan yawanci na huɗu ne zuwa na bakwai, ƙalilan ne ke kaiwa na takwas, kuma kusan duk katin da ke manne a jikin ƙwaƙwalwar ne ba na daban ba. A Windows katin Intel sai daga na shida ake samun Vulkan, nashi na huɗu ba zai taɓa gani ba ko ya kwana yana afdet. DirectX 12 ɗin ma da irin nasa ke da shi a da an kashe shi a direban baya saboda wata ɓaraka ta tsaro. To me ya rage masa? DirectX 11 da OpenGL 4.3, shi kenan. Ga kuma babbar matsalar da ba wanda ya taɓo, Windows 10 an daina ba shi kulawa tun 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma yana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin na'ura, da ƙwaƙwalwa ta takwas zuwa sama. Muna da dabarar tsallake binciken muna sa wa mutane amma ni da kaina nake gaya musu ba ni da tabbacin afdet ɗin gaba ba zai watsar da su ba. Wlh abin yana damuna, injina masu lafiya garau waɗanda za su iya shekara biyar nan gaba, an mayar da su kamar marayu.

Maman 'yan biyu:
Sannunku da muhawara. Ni ba rubuta manhaja nake ba, zanen gidaje nake wa mutane in nuna musu yadda ginin zai fito kafin a sa bulo ɗaya, amma abin nan ya shafi tukunyata kai tsaye. Mac nake amfani da shi. Tun 2018 Apple suka sanar cewa OpenGL ya zama tsohon yayi a wurinsu a koma Metal ɗin da suka fitar a 2014, kuma ko kafin nan a 4.1 suka tsayar da shi, wanda na 2010 ne. Sai da masu Blender, manhajar zanen 3D, suka sake rubuta ɓangaren nuna hoto da Metal, daga 4.0 kuma a Mac Metal kawai ne. Su Blender suna da masu ba su gudummawa sun iya, amma ƙananan manhajoji fa, waɗanda mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da su? Akwai wata ƙarama da nake lissafin inuwar rana da ita don in san inda zan sa taga, mai ita ya rubuta a shafinsa cewa ba shi da ƙarfin kula da nau'i uku, ya bar na Mac. Ban ga laifinsa ba. A ɗaya ɓangaren kuma yaran da nake koya wa aiki masu tsofaffin laftof, Blender 4.0 na neman OpenGL 4.3 a Windows, duk mai na biyu ko na uku sai dai ya zauna a tsohon nau'i, in na turo musu aikin da na yi a sabo wani abin ya buɗe wani ya ƙi. Haka muke fama.

Injiniya na Hanwa:
Hajiya akwai MoltenVK, yana juya Vulkan zuwa Metal kuma kyauta ne tun 2018. Da mai manhajar nan da Vulkan ya rubuta da bai sha wannan wahalar ba.

Maman 'yan biyu:
Injiniya mutumin da ke aikin nan da daddare bayan ya taso daga wurin neman abincinsa kake cewa ya sake rubuta komai da Vulkan? Kai ka faɗa mana da bakinka layi nawa ake rubutawa kafin alwatika ɗaya ta fito.

Injiniya na Hanwa:
Gaskiya ne, yakan kusa layi dubu, a OpenGL kuwa ɗari ma ya yi yawa. Wannan na yarda, Vulkan ba don mai koyo aka yi shi ba, don masu gina injin gem aka yi. Amma ku duba abin da ya haifar. Kamfanin gem na Valve ya fitar da Proton mai tayar da gem ɗin Windows a Linux a 2018, a cikinsa akwai DXVK da ke juya DirectX zuwa Vulkan nan take, a 2022 suka fito da na'urar gem ta hannu Steam Deck wanda Linux ne a cikinsa amma dubban gem ɗin Windows na tashi a kai. Igiyar da Baba ke magana an samu wuƙar yanke ta kenan. Google ma a Maris 2025 ta ce Vulkan ne yaren hoto na hukuma a Android, OpenGL ES, wato OpenGL na waya, kuma za a riƙa bi da shi ta ANGLE ana juya shi zuwa Vulkan. Wayar da ke aljihun kowa a garin nan Android ce, to ina ne gaba in ba can ba?

'Yar Kongo:
Yaya Injiniya a nan kam zan saka baki don wannan fagena ne. Abin da Google ta faɗa daban abin da ke cikin wayoyin mutanenmu daban. Na yi wata 'yar manhaja ta koya wa yara haruffa da ƙirga da Hausa, da injin gina gem Godot 4 na yi ta, na bar ta a kan Vulkan yadda ta zo. A wayata lafiya lau. Na tura wa gwaggona a Gyallesu ta sa wa jikokinta, allo ya yi baƙi ƙirin sauti kawai ke fita, na gwada a wayoyi shida na maƙwabta uku suka yi uku suka ƙi, alhali a takarda duk suna da Vulkan. Matsalar direba ce, a waya ba ka isa ka sauke sabon direba da kanka kamar a kwamfuta ba, sai in kamfanin wayar ya turo afdet, ƙananan wayoyin nan kuma da wuya su samu mai yawa kafin a manta da su. Na koma na zaɓi ɗaya hanyar ta Godot mai amfani da OpenGL ES 3.0, duka shidan suka tashi har da wadda gilashinta ya tsage. Tun ranar na daina sauraron maganar wai ya mutu. A wurin wa ya mutu? A wurin mai wayar dubu ɗari takwas wataƙila, amma yaran gwaggona da shi suke koyon baƙaƙe.

Baba na Ƙofar Doka:
Allah ya yi miki albarka 'yata, gani ya kori ji. Injiniya kuma maganar Proton ina so ka sake dubawa da kyau. In mai gem ya san cewa in ya rubuta da DirectX kaɗai zai tashi a Windows da Xbox, sannan Valve za ta ɗauke masa nauyin Linux kyauta, Apple ma a 2023 ta fitar da nata kayan juya DirectX zuwa Metal don jawo masu gem, to me zai sa ya wahalar da kansa da Vulkan? Ka ga kenan wuƙar taka ba ta yanke igiyar ba, tsawo ta ƙara mata. Kowa ya koma yana fassara yaren Microsoft, ranar da suka canza wani abu a cikinsa duk sai a bi su a guje.

Injiniya na Hanwa:
Wannan maganar ta shige ni Baba, kuma masu harkar ma suna tattauna ta. Sai dai akwai alamar su ma sun fara sassautowa, a Satumban 2024 Microsoft ta sanar cewa nan gaba DirectX zai karɓi SPIR-V, wato tsarin Khronos da Vulkan ke ajiye ƙananan umarnin launi da haske a cikinsa. Da can ko a mafarki ba za ka ji haka ba.

Baba na Ƙofar Doka:
Allah ya sa su cika. Ni dai na ga Fahrenheit, shi ma da sanarwa mai daɗi ya fara.

Mai gidan gem T/Wada:
To ni yanzu na gane, kuma in haka ne ai ba a taɓa haɗuwa ba. Injinan da ke shagona PlayStation ne kuma Sony nata yaren take amfani da shi, Nintendo ma haka. Yaran da ke zuwa buga ƙwallo ba ruwansu da wannan, kamfanin gem ne ke shan wahalar yin kowanne.

'Yar Kongo:
Shi ya sa yawancin masu aiki yanzu ba sa taɓa ko ɗaya kai tsaye, Unity ko Unreal ko Godot suke kamawa injin ya ji da sauran. In kuma mutum na son ya taɓa ƙasa-ƙasa ba tare da layi dubu ba akwai WebGPU, ya shigo Chrome a 2023, Firefox da Safari suka biyo baya a 2025, kai za ka rubuta sau ɗaya shi kuma a ƙarƙashi ya yi magana da DirectX ko Metal ko Vulkan gwargwadon na'urar. Shi ne wuri ɗaya da na ga Apple da Google da Microsoft da Mozilla sun zauna tabarma ɗaya, duk da can ma sai da aka ƙirƙiro sabon yare WGSL maimakon a ɗauki SPIR-V da ke akwai. Amma ba kowace tsohuwar na'ura ke samunsa ba, don haka ɗan uwa na Samaru in burauza kake so WebGL ya fi maka tabbas, tun 2011 yake kuma jinin OpenGL ne, abin da ka koya ba zai tafi a banza ba.

Maman 'yan biyu:
Wani abu da ya tsaya min tun da na ji shi, masu sa Linux a Mac, ƙungiyar Asahi, wata matashiya Alyssa Rosenzweig da abokan aikinta sun rubuta direban da ya kai OpenGL 4.6 cikakke a kan Mac mai ƙwaƙwalwar M1 a 2024, a na'urar da a macOS take tsaye a 4.1. Ƙarfe ɗaya ne fa. Kenan ba gazawar na'ura ba ce, shawara ce aka yanke a ofis.

Mai gyara a PZ:
Haka yake Hajiya, har a tsofaffin Intel ɗin ma, in ka sa Linux direban Mesa yakan ba ka OpenGL da ya fi na Windows a laftof ɗaya. Matsalata da Linux kwastoma ne, mai shagon buga kati zai ce ina CorelDRAW ɗinsa, wani firintarsa, ɗalibi kuma manhajar da aka ce ya yi aiki da ita ta Windows ce. Ba wanda zai bar abin da yake ci da shi don wata aƙida. Amma ƙanena kai tunda naka koyo ne zo shago gobe da filas mai giga takwas, in sa maka Linux a kai ka tayar daga filas ɗin ba sai mun goge komai ba, mu ga me katin naka zai nuna.

Injiniya na Hanwa:
Na sauko daga matsayina na farko amma rabi. Furojet ɗin nan ka gama shi da OpenGL, wata biyar ba ta isa a fara Vulkan a kuma gina gari ba. Sharaɗi ɗaya, ka tabbata na zamani kake koyo daga 3.3 zuwa sama, ba tsohon salon glBegin da glEnd ba, don lissafin juya abu da haske da yadda ake loda bayanai cikin katin duk suna nan a Vulkan da Metal da DirectX, suna kawai ke canzawa. Kuma ka ware duk inda kake kiran OpenGL a fayil guda kar ka barbaza shi ko'ina. OpenGL ɗin ma ko kamfanoni sun daina rubuta masa direba akwai Zink da ke tafiyar da shi a kan Vulkan. Amma ranar da ka samu na'ura mai ƙarfi ina nan a kan bakata, ka koyi Vulkan.

Baba na Ƙofar Doka:
Ni kuma roƙona a kan ganuwar ne. Ka je ka ɗauki hoton abin da ya rage da kanka kafin damina ta ƙara cinye shi, ka shiga Babban Dodo ka ga yadda ake daɓen ƙasa da zanen bango na gaske, kar ka ɗauko hoton bangon wata ƙasa a intanet ka manna mana. Hotunan da ma'aunin ka ajiye su daban a tsarin da kowace manhaja ke buɗewa, don ko yaren ya canza gobe wani ya iya ɗaukar su ya ci gaba.

Ɗalibin Samaru:
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Na dawo ne in ba da rahoto, na je PZ ɗazu bayan azahar oga ya tayar min da Linux daga filas. Lambar OpenGL ta haura 4.3 ɗin da nake gani a Windows, kuma abin mamaki akwatin gwajin Vulkan ya fito yana juyawa, sai dai ya rubuto gargaɗi cewa tallafin irin katina bai cika ba. Don haka zan ci gaba da OpenGL 3.3 yadda Injiniya ya ce, na riga na fara kwashe kiraye-kirayen zuwa fayil ɗaya. Anti ta Kongo in na gama ɓangaren Ƙofar Doka ina so in gwada juya shi zuwa WebGL, ko za ki taimaka ki gwada min a wayoyin nan shida?

'Yar Kongo:
Turo kawai, amma ka rage nauyin hotunan bangon kar faɗin kowanne ya wuce ɗigo (pixel) 1024, biyu daga cikin wayoyin RAM giga biyu gare su.

Baba na Ƙofar Doka:
Asabar da safe ina gida, in ka zo ƙofar ka yi min magana a nan in turo jikana ya zagaya da kai, ya san inda ganuwar ta fi tsayi. Ka taho da abin awo.